Yadda Muka Kai Hancin Inna Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi malaman makarantarmu suka hana ni sakat. In na shiga ofis, "Malama Hauwa, yaya Nijar?" In an fita tara, "Wai da gaske burodinsu dogo ne kamar sanda?" Ita kuwa Malama Binta, da yake ba ta iya kwana-kwana ba, cewa ta yi, "Ke dai faɗa mana gaskiya. Kayan turare kawai kuka je saye, ko da wata a ƙasa?" Da wata a ƙasa mana. Na yi ta ba su amsar "lafiya lau, sai gajiya", domin sirrin ba nawa ba ne. Yanzu mai sirrin ta ba ni izini, ta ce in faɗi komai ban da shekarunta.

Mai sirrin ita ce mahaifiyata, Inna, wadda mutanen Jibiya suka fi sani da Hajiya Mai Turare. Da turaren wuta da humra ta rene mu bayan rasuwar Baba. Ba a kai amarya ɗakinta a unguwarmu ba tare da kwalbar Inna ba, kuma har daga ƙauyukan Kusa da Farfaru mata ke yo sammako su zo. Duk jarinta yana cikin hancinta. Muna yara ba mu isa mu ci ƙuli-ƙuli a ɓoye ba, kina shigowa za ta ce, "Ba sai kin buɗe baki ba, na ji."

A shekarun korona aka yi bikin ɗan yayarta a nan Jibiya, dangi suka cika gida. Bayan an watse Inna ta kwanta da zazzaɓi da ciwon jiki na 'yan kwanaki, ta sha magani ta miƙe. Ko tari ba ta yi ba. Sai wata rana na dawo daga makaranta na tarar da miya tana ƙonewa, hayaƙi har zaure, Inna kuwa tana zaune kusa da murhu ta ba shi baya tana tsintar shinkafa. Da na yi magana ta waiwayo, ta dubi tukunyar, ta dube ni, ta ce, "Ruhe ƙohwa, Hauwa." A nan ta gaya mini tun da ta tashi daga zazzaɓin nan ba ta ƙara jin ƙamshi ko wari ba. Ta sa na yi mata alkawarin ba mai ji daga bakina.

Na ce mata na ji a rediyo korona tana yin haka. Ta ce, "Korona ta masu hawa jirgi ce. Ke kin ji ni yi tari?" A ganinta wata mai hassada ce a cikin masu sana'ar ta sa mata hannu. Asibiti kuwa ko maganarsa ba ta so. Ta ce kafin ta gama yankar kati, labari ya riga ta isa gida cewa mai turare ba ta da hanci.

Kusan shekara ta yi tana haɗa turare da awon hannu, yadda ta saba. Amma kayan da ta ajiye suka ƙare, kuma sabon ice ba a zaɓarsa da sabo, sai an ɗora a garwashi an shaƙa. A Maraɗi take sayensa tun ina goye. Ranar da aka ce an buɗe iyaka ta kira ni ɗaki ta ce, "In na tahi na kasa zaɓen ice, na aje sana'a. Ba ni haɗa ma ɗiyan mutane abin da ban san ƙamshinai ba." Na ce zan raka ta. A raina kuwa wani lissafi nake yi daban: a Maraɗi ba matan Jibiya a layin asibiti.

Da safe muka je tasha muka samu wata tsohuwar mota wadda ban san ko ta fi ni shekaru ba. Aka cusa mu a baya, ni da Inna da wata maƙwabciyarmu, Hajiya Asabe, wadda za ta gaisuwar mutuwa. Har direba ya tayar da mota sai ga wani dattijo da bunsuru, ya ce sadakin ɗansa ne za a ƙarasa da shi, ba zai bar shi ba. Aka ɗaure bunsuru a but, daidai bayan kawunanmu. Jama'a, wanda bai taɓa zama da bunsuru a rufaffiyar mota ba, kada ya ce ya san wahala. Kafin mu fita gari kowa ya ja mayafi ko hula ya toshe hanci, direba ma tofar da yawu yake ta taga. Inna kuwa tana zaune ƙalau tana jan carbi.

Na mintsine ta a cinya. Ta harare ni. Na nuna mata hancina da ido, sai ta yi sauri ta ja mayafi, amma Hajiya Asabe ta riga ta gani.

"Kai, Hajiya! Ke da hancinki na tsiya, ƙaƙa kika jure wagga masihwa?"

Inna ta ce, "Haƙuri ne, Asabe. Dabbar Allah ce."

Dattijo mai bunsuru ya ji daɗi ƙwarai, ya yi ta sa mata albarka har Magama, garin bakin iyaka. Ni kuwa na cusa fuska cikin mayafi, ga dariya ga tausayi.

A bakin iyaka aka sauke mu, kowa ya fito da katinsa. Akwai wata rumfa ta ma'aikatan lafiya, da bokitin wanke hannu, da wani saurayi mai farar riga yana ɗora wa mutane na'urar auna zafi a goshi. Yana yi yana jero tambayoyi kamar mai karanta hadda: tari, zazzaɓi, gudawa, numfashi. Da ya zo kan Inna ya ƙara da, "Mama, kina jin wari da ƙamshi daidai?" Ga Hajiya Asabe kuwa tana tsaye a bayanmu. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, turare nika saidawa." Ya yi dariya ya ce ta wuce. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma faɗi gaskiya ba. Muna komawa mota na raɗa mata, "Kin ji abin da ya tambaya? Yana cikin jerin alamomin korona." Ta ce in yi mata shiru.

A ɓangaren Nijar, wajen Ɗan Isa, aka sake sauke mu. Su jandarmominsu, wato jami'an tsaronsu, ba sa son hayaniya. Kati ake tattarawa, a koma gefe a tsaya, a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan aji. Wanda ya kira mu ya fara da Faransanci, na tsaya ina kallonsa da duk takardar koyarwata, sai ya juya harshe ya koma Hausa wadda ta fi tawa. Inna ta tambaye shi garinsu, ya ce Maɗarunfa. Ta ce, "Ashe Bakatsine ne. Ku ne kunka gudu kunka bar mu da gari." Ya ce, "Ba gudu munka yi ba, Hajiya, gaba munka yi mu share muku masabki." Ya miƙo mata katinta da hannu biyu.

Kafin mota ta tashi na saya mana fura a wurin wata Bafillatana, mai sanyi, ta ji nono da yaji. Na sha har ina lumshe ido. Inna ta kurɓa sau biyu ta miƙo mini. Ta ce tun da abin nan ya same ta, abinci duk dusa ne a bakinta, gishiri da zaƙi da zafin barkono kawai take bambancewa. Sai a lokacin na lura yadda warwaronta ke zamewa har gwiwar hannu. Kullum muna tare, shi ya sa ban ga ramar ba.

Mun sauka a gidan Kawu Isuhu, ƙanen Inna, wanda ya yi shekaru a Maraɗi yana ɗinki har bakinsa ya juye. Matarsa, wadda kowa ke kira Tanti Rakiya, ta tarbe mu da guɗa kamar mun zo daga Makka. Gaisuwarsu doguwa ce, an tambayi gajiya, an tambayi zafi, an tambayi hanya, an koma an sake tambayar gajiya. Da safe kuwa, a maimakon koko da ƙosai, sai ga burodin nan da kuke tambaya. E, dogo ne, kuma ɓawonsa ya kusa yanke mini dasashi. Ana tsaga shi a shafa mayonez, a kora da kofi da madara. Na ce wa Tanti mu a Jibiya in aka ba mai gida wannan da safe, zai tambaya ina abincin. Ta ce shi ya sa mazan Najeriya duk tumbi ne. Amma dambun zogalen da ta yi mana da rana, da man gyaɗa da albasa, ban taɓa cin irinsa ba, kuma na faɗi haka a gaban Inna ba tare da tsoro ba.

Da la'asar Kawu ya dawo daga masallaci, na ga ya dafa bango yana mayar da numfashi, alhali masallacin ƙofar gida yake. Ya zauna ya hura gawayi ya ɗora butar shayi. A nan hira ta faɗa kan bikin da aka yi a Jibiya, wanda shi da Tanti suka halarta.

Kawu ya ce, "Wallahi Yaya, tun da munka komo daga bikin nan ban koma daidai ba. Sanyi ya kama man ƙirji, na yi tari kamar raina shi hita. Har yanzu in na yi sauri sai lumhwashi shi gagare ni."

Tanti ta ce, "Ni kau ruwanku na Jibiya ne ya kusa kashe ni. Zawo da amai, kwana da kwanaki. Ban ƙara shan zoɓon biki ba."

Inna ta ce ruwan Jibiya bai taɓa kashe kowa ba. Sai ta riƙa juya ɗan kofin shayi a hannunta. Can ta ce, "Isuhu, ni ma na kwanta. Ni hancina ya tahi." Ta gaya musu komai. Kawu ya yi salati. Tanti ta ce wannan ba shakka hannu ne, kuma ta san wani malami. Na ce, "To ku uku, biki ɗaya, mako ɗaya, ba ku ganin ciwo ɗaya ne?" Duka ukun suka yi mini caa. Ciwon ƙirji daban, ciwon ciki daban, ciwon hanci daban, in ji su, kowanne da maganinsa tun kaka da kakanni. Kawu ya ce boko ne ke sa mutum ya haɗa abin da Allah ya raba. Raina ya ɓaci.

Washegari muka tafi kasuwa wurin Malam Bukar, wani dattijon Babarbare da Inna ke sayen kaya a hannunsa tun da daɗewa. Shi yana da al'adarsa. Ba ya faɗin sunan ice, ba ya faɗin kuɗi, sai ya ɗora ɗan ɓallin a garwashi ya miƙo miki kasko, ke ki faɗi abin da kika ji. Wanda ya gane, shi ake buɗe wa buhun ciki. Inna kuwa ita ce abin alfaharinsa, in ta zo har maƙwabtan rumfa yake kira su ga ikon Allah.

A hanya muka shirya dabara. Ni zan zauna kusa da ita in shaƙa, in na ji mai kyau in taka mata ƙafa. Muna isa ya miƙe yana murna, ya shimfiɗa darduma, ya kira mutum biyu daga rumfar kusa. Ya ce an kawo masa icen sandal iri biyu, ɗaya na gaske, ɗaya an jiƙa shi da turaren kwalba, kuma manyan 'yan kasuwa sun kasa rabewa. Ya ɗora na farko. Na shaƙa, ƙamshi mai daɗi. Ya ɗora na biyu. Na shaƙa, shi ma ƙamshi mai daɗi. Ƙafata ta tsaya a sama, ban san inda zan sauke ta ba. Ɗiyar mai turare guda, ashe ban gaji komai ba sai surutu.

Inna ta riƙe kaskon ta kai fuska, hayaƙi yana shiga idonta. Ta daɗe. Mutane suna jiran hukunci. Sai ta ajiye ta ce, "Malam Bukar, kaina ke ciwo yau. Rana ta buge ni. Sai gobe." Ya yi ta sannu, ya ce a kawo ruwa, ta ce a'a.

A cikin adaidaita ta juya fuska waje, hawaye yana zuba ba ta share ba. Ban taɓa ganin Inna tana kuka a kan titi ba, ko ranar da aka fita da Baba a ɗaki ta yi nata. Na ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Mun kusa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Asibitin nan da kika ta nacin mu je. Kai ni."

Tanti ce ta san wata likitar hanci da kunne a wani ƙaramin asibiti, su can lokotoro suke cewa. Washegari muka tafi mu huɗu, domin Kawu ya ce ba za a duba yayarsa ba ya nan, Tanti kuma ba a barin ta a baya. Likitar mace ce, ba ta fi sa'ata ba, ga fara'a. Ta haska cikin hancin Inna da 'yar fitila, ta ce ba tsiro, ba abin da ya toshe. Ta miƙo mata wasu kwalabe ta shaƙa, Inna ta girgiza kai. Da aka zo kan man zafi ta ce tana jin sanyinsa yana ratsa ta, amma ba ƙamshi. Likitar ta ce wannan wata jijiya ce daban, mai jin yaji da sanyi, ita lafiyarta ƙalau.

Ta tambayi yadda abin ya fara. Kafin Inna ta gama, Kawu ya saka nasa labarin ƙirji, Tanti ta saka nata na zoɓo. Likitar ta ajiye biro ta saurare su har ƙarshe. Sannan ta ce, "Tunda ba a yi muku gwaji ba wancan lokaci, ba ni iya rantsuwa. Amma in kun tambaye ni, ciwo guda ne ya kama ku, ku uku. Korona ce."

Na dai gyara zama na dubi Kawu.

Inna ta ce, "Ɗiyata, ƙaƙa ciwo guda za shi kama wani a ƙirji, wata a ciki, ni a hanci? Ai kowane da wurinai."

Likitar ta ce, "Mama, jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, ido bai ganin su, kowace kamar ɗaki mai kwaɗo a ƙohwa. Ƙwayar korona tana da wasu ƙayoyi a bayanta, su ne makullinta. Ba kowane kwaɗo suka buɗewa ba, iri guda ne. To irin wannan kwaɗon akwai shi cikin hanci, akwai shi cikin huhu, akwai shi a bangon hanji, har ƙoda da hanyoyin jini. In ta shiga ɗaki sai ta mai da shi wurin haihuwa, ta yi ta yaɗuwa. Kawu, kai ta sabka huhu, wurin da iska ke shiga jini, jikinka ya tashi yaƙi da ita, wurin ya kumbura. Shi ya sa lumhwashi. Tanti, ke hanji ta samu. Zoɓo bai da laihi."

Tanti ta ce ita dai har yanzu ba ta yarda da ruwan Jibiya ba. Kawu, da yake ba ya son a ce an kayar da shi, ya ce ai shi ya ji an ce ciwon raƙuma ne. Likitar ta ce wannan 'yar uwarta ce, dangi ɗaya amma makulli daban. Kwaɗon da ta raƙuma ke buɗewa, a jikin raƙumi cikin hanci yake, shi ya sa raƙumi majina kawai yake yi. A jikin mutum kuwa ya fi yawa can ƙasan huhu, shi ya sa ba ta saurin yaɗuwa tsakanin mutane, amma in ta kama tana da tsanani. Ta ce akwai ma wasu danginsu da mura kawai suke sawa, kowa ya sha yi bai sani ba. Kawu ya ce to ai maganarsa ta fito, da raƙumi a ciki.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni dai hwaɗa man gaskiya. Hancina ya mutu?"

Likitar ta jawo kujera ta matso kusa da ita. Ta ce a can saman hanci akwai jijiyoyi masu ɗaukar ƙamshi su kai ƙwaƙwalwa, kuma a kewaye da su akwai wasu ƙwayoyin da aikinsu kula da su ne, su ciyar da su, su share musu wuri. Kwaɗon da korona ke buɗewa ya fi yawa a jikin masu kulawar, ba a jikin jijiyoyin ba. "Kamar lambu ne, Mama. Ba shukar ta ci ba, mai ban-ruwa ta kayar, shuka ta yi yaushi. Kuma jijiyoyin ƙamshi suna cikin 'yan kaɗan a jikin mutum da ke sake tohowa. Mutane da yawa nasu ya komo da wuri. Wasu ya daɗe. Akwai kuma wanda nashi bai komo duka ba, ba ni ɓoye miki. Ba ni yi miki alkawari, amma ban ga abin da za shi sa ki yanke ƙauna ba."

Na dubi Inna, na ga ta sauke ajiyar zuciya. Ina jin abin da ya fi sanyaya mata rai shi ne jin cewa ba wanda ya yi mata. Shekara guda tana zargin matan da suke gaisawa kullum.

Maganin da aka ba ta kuwa ya kusa haddasa rigima. Likitar ta ce ta samu abubuwa masu ƙarfin ƙamshi waɗanda ta sani sarai, kamar kanumfari da ɓawon lemo da irin itacenta na turare, ta riƙa shaƙar kowanne a hankali safe da yamma, tana tuno yadda ƙamshinsa yake, wata da watanni, ko ba ta jin komai. Inna ta jira ta ji sauran. Da ta ga an rufe baki ta ce, "Shi ke nan? Ba allura?" Likitar ta ce babu. Inna ta ce mun keta ƙasa guda don a ce ta shinshina kanumfari. Kawu kuwa aka ce ya dawo a ɗauki hoton ƙirjinsa, Tanti ta ce ita za ta kawo shi ko da a ɗaure.

Da muka fito na ɗauka gida za mu. Sai Inna ta ce wa mai adaidaita kasuwa. Ta samu Malam Bukar shi kaɗai, ta zauna, ta ce, "Jiya ba kaina ke ciwo ba. Hancina ne ya ɗauke, shekara guda ke nan. Ban gane sandal ɗinka ba, ko guda." Dattijon ya tura kaskon garwashi gefe. Sannan ya tashi ya shiga ciki, ya jawo buhun da ba ya buɗe wa kowa, ya ce, "Hajiya, shekara da shekaru ke kike gaya mini wanne ne na gaske cikin kayana. Yau bari ni in zaɓa miki." Ya auna mata sandal da hawi da farce, duk kayan haɗin turare. Da na ba shi labarin abin da likita ta ce, sai ya yayyaga tsumma ya ƙulla mata ɗan kaɗan daga kowane iri, ya ce wannan na karatun hanci ne, ba na sayarwa ba.

Dawowarmu ba wani labari. Ba bunsuru, sai wata mata mai buhun albasa da ta yi barci a kafaɗata tun daga Ɗan Isa. A iyaka jami'in da ya duba kayanmu ya buɗe jakar turare, ya shaƙa, ya ce matarsa za ta zo gidanmu. Inna ta ce ta zo, amma ta ɗan jinkirta. Ta riga ta yanke cewa ba za ta taɓa sabon icen ba sai ta ji shi da kanta, ko da na Malam Bukar ne.

Ta jera ƙulle-ƙullenta a faranti a gefen gado. Bayan sallar asuba da bayan la'asar za ta zauna ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, ta rufe ido. Nakan leƙa in ce, "Inna, yaya?" Ta ce, "Iska." Mako ya wuce, wani ya bi. Mata suna zuwa neman turaren biki tana cewa ba ta fara haɗi ba. Wata rana na tarar da farantin a tsakar gida, kaji suna tonon ƙullin kanumfari. Na tsince su na mayar mata ɗaki. Da la'asar na ji ta tana kwance su. Gaskiya ni kaina na fara karaya, har na soma tunanin yadda zan ce mata ta koya mini ɗinkin hula mu riƙa yi tare.

Ranar wata Juma'a matar ƙanena, Sadiya, ta zo wuni da jaririnta. Ta naɗe shi da zane biyu ta ɗora wa Inna a cinya, ta shiga madafa muna gyaran kayan miya. Can muka ji Inna ta ɗaga murya.

"Sadiya! Zo ki amshi ɗanki, ya ɓata jikinai."

Sadiya ta fito tana goge hannu, ta ce yanzun nan ta sake masa. Ta ɗaga zanen ta leƙa, ta ce, "Lah, gaskiya ne kuwa."

Ni ina tsaye a bakin madafa da wuƙa a hannu. Na ce, "Inna, gani kika yi?"

Ta ce, "Ke kam da tambayar banza. Yaro naɗe cikin zane biyu, ta ina za ni ga..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya da baki a buɗe tana kallona. Sai ta sunkuya a hankali, ta kai fuskarta jikin yaron, ta ja numfashi. Ta ɗago, ta sake sunkuyawa. Ta ce, "Wari ne. Kaɗan, kamar daga nesa. Hauwa, wallahi wari ne." Tana dariya, hawaye yana sauka a kan zanen jaririn. Wuƙar ta faɗi daga hannuna, na durƙusa a inda nake ina ta hamdala.

Sadiya, wadda ba ta san komai ba, ta dube ni ta dubi Inna, ta ga alamar mun zautu. Ta miƙa hannu ta ce, "Kawo shi, Inna, in wanke masa, kada ya dame ki."

Inna ta ƙara rungume shi ta ce, "Bar man shi tukuna."